Gidan dutse na sayarwa a Buruklin, da ƙaramar ƙofar da ke ƙarƙashin matakalarsa

Makon jiya wani ɗan uwanmu da ke tuƙin tasi a birnin Niyok na Amurka ya turo mana hoton wata tallar gidan sayarwa, ya rubuta a ƙasa cewa mu duba kuɗin da kyau, mu gaya masa ko idonsa ne ya fara rauni. Gida ne mai hawa huɗu a unguwar Bedford-Stuyvesant ta Buruklin, wadda mazaunanta ke yanke wa suna su ce Bed-Stuy. Faɗinsa bai wuce mita shida ba. Bango ɗaya ya haɗa shi da maƙwabcin dama, ɗaya da na hagu, babu wurin ajiye mota, filin gidan ma ɗan tsurut ne a baya. Kuɗin da aka ɗora masa ya doshi dala miliyan biyu, wato ya haura miliyar guda na sefa. Da wannan kuɗi a Maraɗi ko Tawa ai sai mutum ya gina gidaje har ya gaji da ƙirga makullai.

Dillalin ya rubuta cewa gida ne na iyali biyu, a unguwar tarihi, an gina shi wajen 1890, kuma za a miƙa shi ga mai saye babu kowa a ciki. Mun amsa wa ɗan uwan namu cewa idonsa lafiya lau. Amma tallar ta tsaya mana a rai, don kowace kalma a cikinta tana da labari, kuma yawancin labarin na baƙaƙen fata ne.

Mu fara da dutsen. Irin waɗannan gidaje Amurkawa na ce musu brownstone, ma'ana dutse mai ruwan ƙasa. Dutsen yashi ne da ya daskare tun shekaru wajen miliyan 200, tsatsar ƙarfen da ke cikinsa ce ta ba shi wannan launi. Mafi yawansa daga garin Portland na jihar Konetikat aka haƙo shi, a bakin kogi, inda a shekarun 1850 ma'aikata sama da 1,500 ke aikin fasa shi, jiragen ruwa na dako zuwa Niyok. Wani kuma daga jihar Niyu Jazi ya zo. Abin da zai ba ku dariya shi ne gidan ba na dutse ba ne. Da jan bulo aka gina shi, sai aka manna masa dutsen a fuska kawai, kaurinsa bai kai tsawon tafin hannu ba, kamar yadda mai gini a wurinmu ke yi wa gidan ƙasa shafen siminti ta wajen titi. An zaɓe shi ne saboda ya fi farin dutse araha, kuma yana da taushin sassaƙa. Magina masu gaggawa sukan kafa shi a tsaye maimakon su kwantar da shi yadda ya kwanta a ƙasa, sai ruwa ya shiga tsakanin shimfiɗunsa, sanyin hunturu ya daskarar da ruwan, fuskar gidan ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Har gobe masu waɗannan gidaje suna fama da wannan ciwo. Ramukan Portland kuwa ambaliyar 1936 da guguwar 1938 suka cika su da ruwa. Yanzu wurin iyo ne na yara.

Ƙasar da gidan ke kai ta girmi dutsen da labari. Turawan Holan ne suka kafa ƙauyukan wannan yanki a ƙarni na 17, sunan Buruklin kansa daga wani garin Holan aka aro shi, Stuyvesant kuma sunan gwamnansu ne na ƙarshe, wanda ya miƙa wa Ingila mulkin wurin a 1664. Gonaki ne a lokacin, kuma bayi 'yan Afirka ke noma su. A ƙidayar 1790 kusan mutum ɗaya cikin uku na wannan lardi bawa ne. Sai a 1827 jihar Niyok ta kawo ƙarshen bauta, amma ta bar wani tarko: tun 1821 dokarta ta ce baƙin mutum ba zai jefa ƙuri'a ba sai ya mallaki fili ko gida na dala 250, sharaɗin da aka sauke wa Turawa. Shi ya sa a 1838 wani baƙar fata mai aikin dako a tashar jiragen ruwa, James Weeks, ya sayi fili a gefen wannan unguwa, wasu suka bi shi, aka kafa garin Weeksville mai makarantarsa da majami'unsa da jaridarsa. Kun ga tun daga can takardar fili ga baƙin mutum a Buruklin ta wuce maganar wurin kwana, da ita ake ƙirga shi a cikin mutane.

Gidajen dutsen sun zo ne da gada. A watan Mayu na 1883 aka buɗe Gadar Buruklin da ta haɗa wurin da tsibirin Manhatan, jiragen ƙasa masu bi ta sama suka biyo baya a 1885 da 1888. Nan da nan gonaki suka koma kasuwar fili. 'Yan kasuwar gini suka riƙa sayen layi guda, su yanka shi siri-siri, su jera gidaje biyar ko goma iri ɗaya, su sayar wa Turawa masu matsakaicin hali, 'yan kasuwa da lauyoyi da manyan akawuna, da yawansu 'yan asalin Jamus da Ailan.

Yawancin gidajen don iyali ɗaya aka yi su, da barorinsu. Daga titi akwai doguwar matakala ta dutse da ke kai mutum hawa na biyu, inda falon baƙi yake, mai dogon rufi da madubai da ƙofofin katako masu sassaƙa. Wannan matakala ita ce dakalin unguwa. Nan ake zaman hira da yamma, nan ake yi wa 'yan mata kitso, nan tsofaffi ke sa ido a kan yaran layi. To a ƙarƙashinta, a saƙo, akwai wata ƙaramar ƙofa ta ƙarfe. Layukan Niyok ba su da lungun baya, don haka mai kawo gawayi da mai kawo madara da 'yar aiki ta nan suke shiga, su faɗa madafa ba tare da sun taka falon maigida ba. Ku riƙe wannan ƙofa a ranku, ita ce sanadin kalmar nan "iyali biyu".

Yayin dutsen bai daɗe ba. Bayan babban baje kolin Shikago na 1893 idon masu kuɗi ya koma kan farin dutse, aka fara yi wa mai ruwan ƙasa kallon abin da ya tsufa, mai duhu. 'Yan aiki suka yi tsada, masu hali suka fara komawa manyan benaye masu lif ko bayan gari. Da tattalin arziki ya karye a 1929, wanda ke da gida mai hawa huɗu kuma ba ya iya ɗumama shi sai ya raba shi. Aka toshe matakalar ciki, aka sa murhu a hawa na ƙasa, ƙofar barori ta zama ƙofar ɗan haya. Wasu gidajen ma ɗaki-ɗaki aka yanka su, kowa da kwaɗonsa, bayan gida ɗaya a kowane hawa.

A daidai lokacin ne baƙaƙen fata ke tururuwa zuwa Niyok, wasu daga jihohin kudancin Amurka suna gudun wariya da kisan gilla, wasu daga tsibiran Karibiyan, musamman Barbados da Jamaika. Harlem ta cika ta batse. A 1936 aka buɗe layin jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba A ta titin Fulton, ya haɗa Harlem da Bed-Stuy kai tsaye, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu masana'antar jiragen ruwan soja ta Buruklin ta ɗauki ma'aikata wajen dubu 70. Ga aiki, ga jirgi, ga manyan gidaje da masu su ke neman kai da su.

Sai gwamnati ta sa hannu, ta hanyar da ba ta yi kyau ba. A 1938 wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin tarayya ta zana taswirar Buruklin, ta ba kowace unguwa launi gwargwadon haɗarin ba da bashi a cikinta. Bed-Stuy aka shafa mata ja, launin ƙarshe, kuma cikin dalilan da jami'an suka rubuta har da shigowar baƙaƙen fata. Bankuna suka ɗauke ƙafa. A Amurka yawancin mutane ba sa sayen gida da kuɗi hannu, bashin banki ake ci a biya cikin shekaru ashirin ko talatin, don haka unguwar da banki ya ƙaurace wa tamkar rijiya ce da aka ɗauke wa guga. Gwamnatin nan ɗaya kuwa tana tsaya wa Turawa su sami bashi mai sauƙi su sayi sababbin gidaje a bayan gari, inda ba a sayar wa baƙi. Dillalai suka ga kasuwa: su bi Turawan layi gida-gida suna tsorata su cewa baƙi na zuwa, daraja za ta faɗi, su saye da arha, su juya su sayar wa baƙin da tsada, da bashi mai ruwa mai yawa daga hannun 'yan kasuwa. Sai a 1968 aka yi dokar tarayya da ta haramta wariya wajen sayar da gida da ba da haya.

To yaya aka yi duk da haka dubban baƙaƙen fata suka mallaki waɗannan gidaje? Nan ne labarin ya fi mana daɗi, don akwai abin da muka sani a ciki. 'Yan Karibiyan sun zo da adashi. Suna ce masa susu, kuma masana sun danganta kalmar da esusu na Yarbawa, wato abu ne da ya tsallaka teku tare da bayi daga yammacin Afirka bai mutu ba. Mata masu aikin goge-goge a gidajen Turawa da maza masu aikin masana'anta su haɗu goma ko ashirin, kowane mako a zuba, wanda kwasarsa ta zo ya kai kuɗin kafin alƙalami. Ragowar bashin kuma gidan da kansa ke biya. Maigida ya matse iyalinsa a hawa ɗaya, ya zuba 'yan haya a sauran, sau da yawa 'yan garinsu da suka sauka kwanan nan. Kuɗin da ke shigowa ta ƙaramar ƙofar nan shi ke biyan bashi da haraji da man ɗumama gida, shi ke kai yara jami'a.

Marubuciya Paule Marshall, wadda iyayenta 'yan Barbados ne kuma a wannan unguwa ta tashi, ta fitar da littafi a 1959 mai suna Brown Girl, Brownstones, kuma rigimar da ke cikinsa duk wanda ke da ɗan uwa a ƙasar waje zai gane ta. Matar gida ta ƙudura sai ta sayi gidan dutsen da suke haya. Mijin ya gaji ɗan fili a Barbados, burinsa ya koma can ya yi gini. Ta bi ta bayan fage da wasiƙun jabu ta sa aka sayar da filin, shi kuma da kuɗin ya zo hannunsa ya ɓarnatar da shi a rana ɗaya don ya rama. Auren bai tsira ba. Mun sha jin irin wannan gardama a gidajen 'yan ci-rani namu, ko a kafa a can ko a turo a yi gini a gida, sai dai ba mu cika jin ta daga bakin matan ba.

Shekarun 1960 zuwa 1980 sun yi wa unguwar tsanani. A watan Yuli na 1964 tarzoma ta tashi a Harlem da Bed-Stuy bayan wani ɗan sanda ya harbe yaro baƙar fata ɗan shekara 15. A 1966 aka rufe masana'antar jiragen ruwan. Shara ba a kwashewa yadda ya kamata, makarantu sun lalace, wasu masu gidajen haya sun gudu sun bar su. A watan Fabrairun 1966 Sanata Robert Kennedy ya zagaya unguwar a ƙafa, matan unguwa irin su Elsie Richardson suka gaya masa a fuska cewa sun gaji da masu zuwa nazari, aiki suke so. Daga nan aka kafa hukumar farfaɗo da unguwar a 1967, kuma cikin ayyukanta na farko akwai ɗaukar samari marasa aiki su gyara fuskokin gidaje da matakalu, layi bayan layi, masu gida su biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1968 unguwar ta tura Shirley Chisholm majalisar wakilai, baƙar mace ta farko da ta shiga can.

Akwai wata tsohuwa da muke so ku san sunanta, Hattie Carthan. Ta ga itatuwan layinsu na mutuwa, ta tara yara da maƙwabta suka shiga dashe, har aka dasa sama da 1,500 a unguwar. Da aka zo rushe wasu gidajen dutse a titin Lafayette, waɗanda ke kare wata tsohuwar bishiyar magnoliya daga iskar hunturu, ta tsaya kai da fata har birni ya ayyana bishiyar kanta a matsayin abin tarihi a 1970. Inuwar da dillali ke ɗaukar hoto a yau yana ƙara kuɗi da ita, irin waɗannan mata ne suka dasa ta lokacin da banki ba ya ko kallon wurin.

Maganar "unguwar tarihi" ita ma a lokacin ta samo asali. A 1963 aka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Penn a Manhatan, gini na alfarma, mutane suka fusata, a 1965 birnin ya yi dokar kare gine-ginen tarihi. Wani yanki na Bed-Stuy mai suna Stuyvesant Heights ya shiga ƙarƙashin dokar a 1971, aka faɗaɗa shi a 2013. A irin wannan yanki ba ka canza taga ko ƙofa ko fuskar gida sai da izinin hukuma. Dokar ta ceci gidajen, wannan gaskiya ne. Amma gyaran fuskar dutse yadda hukuma ke so yana cin dubban daloli masu yawa, kuma tsohuwar da ke rayuwa da kuɗin fansho ba ta da su. Wani abin mamaki kuma, talauci ma ya yi nasa adanin: da yake masu gidajen ba su da kuɗin yi musu kwaskwarimar zamani, sassaƙen katako da murhunan ado na 1890 suka tsira yadda suke, su ne yanzu ake rubutawa a talla da manyan baƙaƙe.

Juyin farashi ya fara daga wasu unguwannin. A 1963 wasu ma'aurata Turawa, Everett da Evelyn Ortner, suka sayi gidan dutse a Park Slope kan dala 32,500, suka shiga jawo abokansu su zo su saya, aka sake mayar da tsohon gida abin yayi. Bed-Stuy ba ta ga wannan ba sai da aka daɗe, don ta sha fama da hodar ibilis a shekarun 1980, har a 1988 mutanen masallacin At-Taqwa na titin Fulton suka yi sintirin kwana 40 suna korar dillalan ƙwaya. A 1990 an kashe mutum 2,245 a birnin Niyok. A 2017 adadin bai kai 300 ba. Da tsoro ya ragu, sauran unguwanni kuma suka fi ƙarfin masu saye, sai ido ya dawo kan waɗannan layuka. Bankunan da suka ƙi ba da bashi shekara da shekaru suka dawo a farkon shekarun 2000 da bashi mai tarko, ruwansa na hawa bayan 'yan shekaru, kuma da kasuwar gidaje ta rushe a 2008 unguwar na cikin waɗanda aka fi ƙwace wa gidaje a birnin. Tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2020 baƙaƙen fata sun ragu da sama da dubu 22 a Bed-Stuy, Turawa sun ƙaru da wajen dubu 30.

Ba za mu ce duk wanda ya tafi korar shi aka yi ba. Akwai waɗanda suka sayar da hankalinsu kwance, suka karɓi kuɗin da kakanninsu ba su taɓa mafarki ba, suka koma jihohin kudu suka huta, kuma babu mai ganin laifinsu. Amma inda zuma take ƙuda ba ya rasa hanya. Akwai satar takardar gida: a zo wa tsoho da sunan za a taimaka masa ya daidaita bashinsa, a tura masa tarin takardu ya sa hannu, ashe a ciki akwai wadda ta mayar da gidan ga wani kamfani da ba a san mai shi ba. Wani lokaci ma sa hannun mamaci ake ƙirƙira. Daga 2014 zuwa 2023 hukumomin birnin sun karɓi ƙorafi kusan 3,500 na irin wannan, sama da 1,500 daga Buruklin. A ƙarshen 2023 jihar ta ƙarfafa dokar kare masu gida, a 2024 kuma ta mayar da abin babban laifin sata da sunansa.

Hanya ta biyu ta gado ce, kuma ita ta fi ba mu tsoro don mun san irinta. Kaka ta rasu ba ta bar wasiyya ba, ba a je kotu an raba ba, gida ya zama na 'ya'ya da jikoki goma sha, wasu a wata jiha, wasu ba su taɓa kwana a ciki ba. Ɗan kasuwa ya bi diddigi ya samo jika ɗaya mai buƙatar kuɗi, ya sayi kasonsa da arha, ya zama shi ma mai gida, sannan ya garzaya kotu ya nemi a sayar da gidan duka a raba. Wadda ta shekara arba'in a ciki tana biyan haraji sai ta ga takardar sammaci. A 2019 jihar Niyok ta yi doka da ta ba sauran magada damar fara sayen kason kafin a kai ga gwanjo, sai dai dama ce ga mai kuɗin saye.

Saura kalma ta ƙarshe a tallar, wadda ta ce za a miƙa gidan babu kowa a ciki. A kasuwar Niyok wannan ƙarin daraja ne, don mai saye yana so ya zauna a hawa ukun sama, ya gyara na ƙasa ya sa sabon ɗan haya da kuɗin yau, ko ya fasa bangon da aka toshe tun zamanin karayar tattalin arziki ya mayar da gidan na iyali ɗaya kamar 1890. Dokar birnin da ke taƙaita ƙarin kuɗin haya ta fi shafar tsofaffin gine-gine masu gidaje shida zuwa sama. Wanda ke haya a gidan iyali biyu ba ya cikinta. In yarjejeniyarsa ta ƙare, sau da yawa sanarwa kawai za a ba shi.

Mun sake buɗe hoton da ɗan uwanmu ya turo, muka faɗaɗa shi ta wajen matakala. Ƙaramar ƙofar na nan, an yi mata sabon baƙin fenti, kuma a jikin bango akwai akwatin wasiƙa biyu, ɗaya an ɓare sunan da ke kansa. Muka tambaye shi ko ya san masu haya a irin waɗannan hawa na ƙasa. Ya ce da can akwai 'yan Gine da 'yan Senegal da ya sani a kusa da titin Fulton, amma yawancinsu sun koma Bronks ko can gabashin Buruklin, ranar Juma'a kawai suke shigowa unguwar da jirgin A.